Ina so in mayar da labarin Rut littafin hikaya, ina iyakar ƙari?

'Yar Agege

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina shirin rubuta ƙagaggen labari da Hausa a kan Rut da surukarta Na'omi na cikin Littafi Mai Tsarki, saboda matan zumunta da 'yanmatan ikilisiyoyinmu na Hausa a nan Legas. Littafin Rut sura 4 ne kacal, aya 85, mutum zai karance shi kafin motar Agege ta kai Oshodi. Yaya za a yi ya kai shafi ɗari da wani abu ba tare da an sa wa Maganar Allah abin da ba ta faɗa ba? Kuma tunda kowa ya san Bo'aza ne ya aure ta, da me za a riƙe mai karatu? Masu sanin harkar bugu ma ina neman shawararku.

Malamin Lahadi, Idi-Araba

'Yata, salama. Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, raba takarda gida biyu. A dama ki jera duk abin da nassi ya faɗa, kowanne da ayarsa. A hagu ki jera wuraren da ya yi shiru. Na dama ba a taɓa shi, a na hagu za ki yi gininki.

Shirun kuwa yana da yawa. Wajen shekara 10 Na'omi da iyalinta suka yi a ƙasar Mowab, amma ayoyi 5 na farko suka haɗiye su duka. Ba a faɗi abin da ya kashe Elimelek mijin Na'omi ba, haka 'ya'yansu Malon da Kiliyon. Ba a faɗi yadda aka nemi auren Rut ba, ko yadda ta ji da zaman shekaru babu haihuwa, ko abin da ya sami Orfa, ɗaya surukar Na'omi, bayan ta juya gida. Tafiyar kwanaki a ƙafa da Rut da Na'omi suka yi daga tudun Mowab, a gangara kwarin Tekun Gishiri, a sake hawan sama da mita 1,000 zuwa Baitalami, rabin aya aka ba ta. Wannan kaɗai ya isa babi uku.

Amma sai kin karanta na dama da lura, don a nan ake zamewa. Marubuta na son mayar da Rut marainiya don a ji tausayinta, alhali a 2:11 Bo'aza ya ce ta bar mahaifinta da mahaifiyarta. Tana da gidan komawa, ta ƙi, nauyin zaɓinta ke nan. Mijinta Malon ne, ba Kiliyon ba, 4:10 ta fayyace. Bo'aza kuma ba saurayi ba ne: “'yata” yake ce mata, ya kuma yaba mata don ba ta bi samari ba (3:10).

Sai kayan zamani. Lokacin mahukunta ne, babu sarki a Isra'ila, ba a gina Haikali ba, alfarwa tana Shilo, Urushalima tana hannun Yebusiyawa ko da yake bai fi kilomita 10 tsakaninta da Baitalami ba. Kada kowa ya tafi majami'a ranar Asabar, ba a fara su ba tukuna. Kada kowa ya ƙirga tsabar kuɗi, azurfa ake aunawa a ma'auni, shekel ɗaya wajen giram 11. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka bazu bayan 1492, don haka kada su shiga tukunyar Na'omi. Abincinsu gurasar sha'ir ne da ta alkama, da man zaitun, ɓaure, inabi, da gasasshen hatsi irin tumunmu, wanda Bo'aza ya miƙa mata a 2:14.

Daminarsu ma ba irin tamu ba ce. Da sanyi ake ruwa, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Girbin sha'ir a Afrilu yake farawa, na alkama ya biyo baya, duka biyun kamar mako 7. Kenan daga isowarsu Baitalami zuwa daren da Rut ta je wurin Bo'aza a masussuka bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba. In kin sa hadari da tsawa a daren nan kin ɓata, sai mai karatu ya ce a Kafanchan aka yi abin.

Kalar da ta yi ranar farko efa guda ce, masana na ƙiyasta ta wajen lita 22, wato ta kusa cika jarkar nan mai lita 25. Duk wadda ta taɓa bin bayan masu girbi tana kala ta san ba a samun haka a yini ɗaya sai da hannun mai gona. Shi ya sa Na'omi tana gani ta tambayi gonar wa ta je.

Mai gyaran rubutu, Obalende

Abin da Baba Malam ya faɗa shi ne harsashin ginin. Ni kan tambaya ta biyu zan tsaya.

'Yar'uwa, sanin ƙarshen labari ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi shi ne in mutanen ciki suna tafiya kamar su ma sun karanta sura ta 4. Rut ba ta san za ta haifi kakan Dawuda ba. Abin da ta sani shi ne ita baƙuwa ce daga ƙasar da ake ƙi, ba miji, ba ɗa, ga tsohuwa a wuyanta. Ki tsare labarin a idonta ko a idon Na'omi, kada mai ba da labari ya riƙa leƙo gaba yana cewa “ba ta sani ba ashe Ubangiji ya riga ya shirya”. Jimlar nan ita ce ke huda tulun, duk ruwan fargaba ya tsiyaye.

Haɗarin kuma ba sai kin ƙago shi ba, yana cikin nassi. Bo'aza ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta (2:9), Na'omi ta ce ta tsaya a gonarsa kada a wulaƙanta ta a wata (2:22). Ba a yin gargaɗi a kan abin da ba ya faruwa. Ki haɗa da Maimaitawar Shari'a 23:3, wadda ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma, da shekara 18 da Eglon sarkin Mowab ya yi yana danne Isra'ila a Mahukunta sura 3. A Baitalami ba za a rasa tsohuwar da ke riƙe da wannan a zuci ba. Ki ƙago ta, ki ba ta dalili mai ƙarfi, kada ki mai da ita mayya kawai.

Babban makaminki shi ne dangin Elimelek ɗin nan da ya fi Bo'aza kusa, wanda shi ne ke da haƙƙin fara fansar gonarsa. Nassi bai ma faɗi sunansa ba, a Ibrananci abin da Bo'aza ya kira shi daidai yake da “wane” a Hausa. A ƙofar gari, gaban dattawa 10, da aka ambaci gonar sai ya ce zai fansa (4:4). Sai da aka ce har da auren Rut sannan ya janye ya tuɓe takalmi. Kuskuren da ake yi shi ne a fito da shi a babi na ƙarshe kamar daga sama. Ki shigo da shi tun isowarsu Baitalami, a ga yana zagaya gonar Elimelek, a ga irin gidansa da abin da Rut za ta tarar in ta faɗa hannunsa. In kin yi haka, ranar da ya buɗe baki ya ce zai fansa, har wadda ta haddace littafin sai gabanta ya faɗi.

Ga rabon da nake ba da shawara ga kalma 40,000: babi 20, kowanne wajen kalma 2,000. Bakwai a Mowab, uku a hanya, bakwai a gona, sauran ukun masussuka da ƙofar gari da haihuwar Obida, ɗan Rut. Kowane babi ya tsaya a kan abin da ba a warware ba. Wa'azi kuma a bar shi a bagade. In mutum ya yi addu'a a labari, ta fito daga matsalarsa ta wannan daren, layi uku ko huɗu, ba shafi biyu na ayoyi a jere ba.

Daren masussuka kam a rubuta shi da zafinsa. Mace ce ta yi wanka, ta shafa mai, ta je wurin namiji da tsakar dare, in wani ya gan ta sunanta ya ɓaci har abada.

Malamin Lahadi, Idi-Araba

Na yarda da zafin, amma zafin tsoro, ba na sha'awa ba. Nassi ya ce ta buɗe ƙafafunsa ta kwanta, ya farka a firgice, ta ce ya rufe ta da gefen mayafinsa don shi mai fansa ne, ta kwana a wajen ƙafafunsa, ta tashi tun mutum bai iya gane ɗan'uwansa ba, ya auna mata awo 6 na sha'ir. Iyakarsa ke nan. Littafin da za a sayar a taron zumuntar mata, uwa ce za ta fara karantawa kafin ta miƙa wa 'yarta. Wani abu kuma: a can maza ne ke sheƙe hatsi da yamma in iska ta taso, Bo'aza da kansa yana ciki (3:2). Kada a kai mata da faifai da ƙwarya masussukar, da suna nan da zuwan Rut bai zama abin ɓoyewa ba.

Maman Zumunta, Mile 12

Ni harshe zan yi wa magana, 'yata. Masu karanta miki a Legas da yawansu Hausa ba ita ce ta gidansu ba, 'yan kudancin Kaduna ne, da Filato, Gombe, Adamawa, Borno, wasu a bariki suka tashi. Ki rubuta daidaitacciyar Hausa mai sauƙi, karin magana ɗaya a inda ya dace ya fi goma.

Fassara ɗaya za ki riƙe. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aka yi sabuwar fassara a 1979, kuma rubutun sunaye ya sha bamban a tsakaninsu. Ki zaɓi wanda ake karantawa a ikilisiyarku ki bi shi daga farko har ƙarshe. In za ki kwafi ayoyi kalma da kalma, duba shafin haƙƙin mallaka na fassarar, in da buƙatar izini Bible Society of Nigeria tana da ofishi a Apapa.

Rut ba za ta kira surukarta da suna ba, mai karatu Bahaushe ba zai yafe ba. “Mama” ko “Inna” za ta ce. Kalmar takaba kuma tana ɗauke da hukuncin kwanaki na Musulunci, ki ce makoki. Bazawara ma tana jawo wani hoto daban, gwauruwa ita ce kalmar da muka saba ji a karatu. Ba kya buƙatar tafinta tsakanin Rut da mutanen Baitalami: rubutaccen dutsen Mesha sarkin Mowab da aka gano a 1868 ya nuna harshen Mowab da Ibrananci 'yan uwan juna ne na kusa. Sai dai a ji baƙunta a lafazinta, kamar yadda ake gane ɗan Sakkwato a kasuwar Mile 12 da ya buɗe baki.

Tsohon Shomolu

Hajiya ko Mama, ko wacce ce dai, ga lissafin bugu. Girman A5, harafi mai lamba 11 ko 12, shafi ɗaya na ɗaukar kalma 250 zuwa 300. Kalma 40,000 za su ba ki wajen shafi 150. Ki cike shi 160, domin injin faranti, wato babban injin da ke bugawa da farantin ƙarfe, 16-16 yake buga shafuka a naɗe, in yawan shafukan bai rabu 16-16 daidai ba kin biya kuɗin farar takarda. Takardar ciki ta zama irin da ake kira bond mai giram 70, in kin sauka 60 rubutun baya zai riƙa leƙowa. Bango kati mai giram 250 ko 300, a yi masa lamineshan, wato a lulluɓe shi da siririyar leda, in ba haka ba laimar Legas za ta naɗe shi kamar tabarma. Ƙashin bayan littafi mai shafi 160 wajen milimita 8 ne, amma mai zanen bango ya karɓi awon daga hannun mai bugu bayan an zaɓi takarda.

Kwafi 50 zuwa 100 a yi da injin dijital. Sai kin kai 500 ko 1,000 faranti yake yin riba, don kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi nawa za a buga. Fara da kaɗan ki ga yadda zumunta za ta karɓa. Lambar shaidar littafi, wato ISBN, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samu, kuma doka ta ce mai bugu na kansa ya ajiye musu kwafi 3.

Inda littattafan Hausa ke mutuwa a Shomolu shi ne ƙugiya. Yawancin yaran da ke kan kwamfuta ba sa jin Hausa. In kin ba su fayil ɗin Word, kwamfutarsu ba ta da irin harafinki, sai ɓ, ɗ da ƙ su koma akwatuna ko su zame zuwa wani harafi daban, ba kuma wanda zai lura. Wani ma ya “gyara” miki su, ƙofa ta koma kofa, ɗa ya koma da. Yi amfani da harafin da ke da ƙugiyoyin, kamar Charis SIL, ki fitar da PDF da harafin a cikinsa, ki hana a sake buɗe shi a CorelDraw. Kafin a ƙona faranti ki sa a fitar miki da kwafi ɗaya a takarda, ki bi shi da jan biro shafi-shafi, har da bango da ƙashin baya, don manyan haruffa Ɗ da Ƙ a kan babi su ne suka fi ɓacewa. Ranar karɓar kaya kuma ki zaro kwafi biyar daga katan daban-daban, ki buɗe kowanne a tsakiya ki ja shafi ɗaya a hankali. In ya ɓalle, gam ɗin bai kama ba, kada ki biya cikon kuɗi sai an sake ɗaurin.