Wai kuka baƙuwa ce a ƙasarmu?

Auta: Kawu, barka da hantsi. Ga maganar da na yi jiya aka yi mini dariya. A watan Mayun 2024 mujallar Nature ta buga binciken masana daga lambun tsirrai na Wuhan a ƙasar Sin, da na Kew a Ingila, da Jami'ar Antananarivo. Sun bi diddigin ƙwayoyin halittar jinsunan kuka takwas da ke duniya, suka ce tushenta tsibirin Madagaska ne, wajen shekara miliyan 21 da suka wuce. Tamu daga can ta ƙetaro.

Kawu Sule: Auta ke nan. Itacen da aka raɗa wa Kukawa suna da shi, shi ne baƙo? Ibn Battuta da ya bi ta ƙasar Mali a 1352 ya tarar da masaƙi yana saƙa a cikin kogon irin wannan itace. Ko sunan kimiyya da Turawa suka ba ta, Adansonia, daga Adanson ne, Bafaranshen da ya gan ta a Senegal a 1749. Ban ji inda aka ambaci wani tsibiri ba.

Yaya Binta: Kawu, a gafarce ni, duk waɗannan labaran jiya ne in an gwada da abin da Auta ke faɗa. Dubi rabon. A cikin takwas ɗin nan, shida a Madagaska kaɗai suke. Ɗaya tana arewa maso yammacin Ostiraliya. Duk faɗin Afirka, daga Dakar zuwa Limpopo, jinsi ɗaya tak muke da shi.

Kawu Sule: Yawan dangi a gari ba ya nuna nan ne asali. Katsinawa nawa ne a Kumasi? Wataƙila ta je can ne ta samu wuri ta yaɗu.

Yaya Binta: Wannan kam gaskiyarka, ƙidaya kaɗai ba hujja ba ce. Shi ya sa suka koma ga ƙwayoyin halitta, kamar mai bin salsalar zuri'a, suka ga inda rassan suka haɗu.

Baba Ƙarami: Ni abin da aka koya mana a darasin labarin ƙasa shi ne Afirka da Madagaska da Ostiraliya duk a manne suke a da. Ƙasa ta tsage, kowa ya tafi da kukarsa. Ina abin musu?

Auta: Baba, an daɗe ana faɗin haka, amma lissafin bai hau ba. Madagaska ta ɓalle daga Afirka wajen shekara miliyan 160 da suka wuce, ta rabu da Indiya wajen miliyan 88. Lokacin babu kuka sam. Dole ta ruwa ta bi.

Kawu Sule: Ta ruwa? Mashigin Mozambik, inda ya fi tsukewa ma ya kai kilomita 400. Balle Ostiraliya, da sai an ratsa Tekun Indiya kaf. A kwalekwalen wa?

Inna: Sule, kai da ka tashi a bakin rafi? Shekarar da ruwa ya ci gonar bayan gari, da idona na ga 'ya'yan kuka suna yawo a kan ruwa kamar gora. Yara suka tsamo ɗaya bayan kwana biyu, aka fasa da dutse, garin ciki a bushe ƙamas, har muka dama a nono. Ƙwarya ce Allah Ya yi mata.

Kawu Sule: Yaya, kwana biyu a rafi daban, watanni a ruwan gishiri daban.

Yaya Binta: A nan nake ganin maganar ta fi rauni, kuma a nan ta fi daɗi. Ba wanda ya shaida tafiyar. Amma a cikin miliyoyin shekaru ba a buƙatar ta faru kullum. Ambaliya ta kwaso tarkacen itatuwa ta zuba a teku, ƙwallo ɗaya ya tsira ya faɗa gaɓar da ta karɓe shi, shi ke nan. Daga nan sai kowacce ta bi halin wurinta. Tamu farin fure take yi mai reto, yana buɗewa da dare, jemagu ke kai masa ziyara. Wasu na Madagaska furensu ja ne ko rawaya, manyan malam-buɗe-littafin dare ke hulɗa da su.

Baba Ƙarami: To ita miliyan 21 ɗin wa ya riƙe kalanda?

Auta: Kiyasi ne daga yadda ƙwayoyin halitta ke sauyawa a hankali, yana iya gaba ko baya. Amma tazarar 21 da 160 ta fi ƙarfin kuskuren lissafi.

Kawu Sule: Bari in ba ku ɗaya. Shahararriyar kukar nan ta bakin teku a garin Mahajanga, a can Madagaskar, irin tamu ce ta Afirka. Ashe dai tafiyar daga nan zuwa can ma ana yi.

Yaya Binta: Ana kyautata zaton mutane ne suka kai wannan, don gaɓar ta daɗe tana hulɗa da fataken jiragen ruwa. Ba ta cikin shidan.

Kawu Sule: Zato dai. Auta, gobe ka kakkaɓo guda uku a kukar bayan masallaci, ka cika randa da ruwan gishiri ka jefa. In an yi wata uku ka shuka sun tsiro, ka zo mu sake magana.

Inna: Ba da randata ba. Kuma gishirin ku saya da kuɗinku.