Wai da gaske maganin kemo daga itatuwa ake yin shi?

Ƴar Fagge:
Salam ƴan uwa. Gwaggona ce likita ya ce tana da kansar mama za a fara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa na asibiti, tun ranar gidan ya rabu biyu, Kawu ya ce shi ba za a ɗura ma ƙanwarsa guba ba, a ci gaba da zogale da habbatussauda da zuma. Jiya kuma aka turo min a WhatsApp wai shi kanshi kemon daga ganye ake tatso shi. To in haka ne me zai hana mu dafa ganyen kawai? Dan Allah masu sani.

Mai Famasi:
Allah ya ba Gwaggo lafiya. Eh ƙanwata, wasu daga tsirrai aka samo su. Kin san fulawar nan da ake shukawa a ƙofar asibiti da makarantu, mai fure biyar-biyar, fari ko ruwan hoda? Asalinta Madagaska ce. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada maganin suga ma suke nema a cikinta, sai suka ga tana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen gwaji, daga nan aka fitar da maganin kansa vinblastine, sannan vincristine da ake ba yara masu kansar jini. Amma fa sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram 1, kuma ta jijiya ake ba da shi, a aune. Ki dafa ki sha, ba magani kika sha ba, wahala kika sha.

Paclitaxel kuma da ake ba masu kansar mama daga ɓawon wata bishiya ne a Amurka, an ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992. Shekara 30 ana gwaji!

Baban Khalil:
Malam amma habbatussauda fa? Ai na ji an yi bincike a kanta.

Mai Famasi:
An yi, akwai wani sinadari thymoquinone a ciki, yana kashe ƙwayoyin kansa a kwanon gwaji. Kwanon gwaji daban, jikin Gwaggo daban. In za ta sha, a gaya ma likitanta tukuna.

Maman Biyu:
Wlh Ƴar Fagge kar ku tsaya. Yayata wata bakwai muka yi muna jiƙe-jiƙe, har wani mai magani ya karɓe mana kuɗin akuya biyu, ranar da muka koma asibiti ciwon ya fashe ya kai hammata. Ki samu wanda Kawu ke jin nauyinsa ya yi masa magana, ke ba zai saurare ki ba.

Ƴar Fagge:
Na gode Anti. Limamin layinmu abokinsa ne, bari in tura yayana wajensa bayan isha'i.