Kwana uku kacal a Santambul, ina ya kamata mu fara?

Abban_Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Istanbul, wato Santambul ta ƙasar Turkiyya. Wata mai kamawa in Allah ya kai mu zan bi ta can ni da mahaifiyata da mai ɗakina, kwana uku gare mu kafin mu wuce. Na duba intanet kowa da abin da yake lissafowa, wurare sun fi ashirin har kaina ya ɗau zafi. Matsalar Hajiya tana fama da ciwon gwiwa ba ta iya doguwar tafiya, kuma ita ba abin da take ta maimaitawa sai kabarin sahabin nan da aka ce yana garin. To ina za mu fara, me za mu haƙura da shi? Kuma a wace unguwa ya fi mu kama otal?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Malam ku kama otal a Sultanahmet kawai kar ma ka tsaya dogon tunani, amma ka tambaye su ko akwai lifta kuma ka duba kar ya zama can gangare wajen bakin teku, don garin nan duk hawa da sauka ne kuma titunan tsohon gari duwatsu aka jera, mai lafiya ma yana ji a ƙafarsa balle tsohuwa.

Amfanin wurin shi ne Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida suna kallon juna, fili ne kawai a tsakaninsu kuma akwai bencina da za ta zauna ta huta. Aya Sofiya kam sai ka shiga za ka gane, tun shekarar 537 aka gama ta a matsayin coci, da Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453 ta koma masallaci, daga baya aka mai da ita gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo da salla. Ni da na ɗaga kai na ga ƙubbar nan wallahi shiru na yi, mutum ya ce wai da hannu aka ɗora wannan ba kiren ba komai. Ku shiga lokacin salla ku yi sallarku a ƙasa, benen sama na 'yan kallo ne kuma hawansa ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Fadar Topkapi, ta sarakunan Daular Usmaniyya, tana nan bayan Aya Sofiya, amma ranar Talata a rufe take, mu haka muka je muka tarar da ƙofa a garƙame. Babba ce sosai kar ku ce sai kun zagaye ta, ku miƙe ɗakin da aka ajiye kayan da ake dangantawa da Annabi SAW da sahabbai, za ku ji ana karatun Alƙur'ani a ciki ba ya yankewa. Da sassafe za ku je kafin layi ya yi tsawo.

Dan_Fito:
Duk abin da Ummu Sadiq ta faɗa gaskiya ne amma ni zan ƙara abu ɗaya, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai. Zuwana na farko na yi ta gudu daga wannan gini zuwa wancan ina ɗaukar hoto kamar wanda aka ba aiki, na koma gida da ciwon ƙafa da waya cike da hotuna amma garin ban gan shi ba. Sai a na biyu wani ya ce min in shiga jirgin fito. Ba na 'yan yawon buɗe ido da ake ta tallarsa a bakin hanya ba, a'a wanda 'yan gari suke shiga su tafi aiki. Ka sayi katin Istanbulkart ka sa masa kuɗi, shi ne na tiram shi ne na bas shi ne na jirgin ruwa, ka je tashar jiragen ruwa ta unguwar Eminonu ka shiga mai zuwa Uskudar ko Kadikoy. Cikin kamar minti ashirin ka bar Turai ka sauka a Asiya, kana zaune.

In da hali ku yi shi dab da magariba, ku zauna ta baya. Rana tana faɗuwa a bayan masallacin Sulaimaniyya, hasumiyoyi sun yi jere a kan tudu, hasumiyar Galata tana ɗaya ɓangaren, tsuntsayen teku suna bin jirgin suna ihu yara na jefa musu abinci suna cafewa a sama, ga manyan jiragen dakon kaya suna wucewa za su Bahar Aswad don mashigin Bosforus ɗin nan da ya raba Turai da Asiya shi ne ƙofarsu, tsawonsa wajen kilomita 30. Sai kuma kiran salla ya tashi daga gaɓa biyu lokaci guda. Hajiya ba za ta taka ko'ina ba kuma za ta ga abin da mai yawon kwana uku a ƙafa bai gani ba. A riƙo mata rigar sanyi dai, iskar kan ruwa ba ta da wasa.

Malam_Tanko77:
Kun manta da ainihin abin da tsohuwa ta roƙa. Kabarin Abu Ayyubal Ansari ne, wanda Manzon Allah SAW ya sauka a gidansa da ya iso Madina, ya rasu a wajen ganuwar birnin lokacin yaƙi a zamanin Mu'awiya. Unguwar ma sunansa ta ci, Eyup Sultan suke cewa. Daga Eminonu akwai tiram T5 da yake bin bakin ruwa har can, kuma harabar masallacin shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu. Ni a ganina nan za ku fara tun ranar farko hankalinta ya kwanta, amma ban da Juma'a, cika yake ba masaka tsinke.

Babbar kasuwar nan mai rufi da ake kira Grand Bazaar kuwa ka bar madam ta je da kai ku biyu, shaguna wajen 4,000 ne, Hajiya ta huta a otal. Lahadi ba sa buɗewa. Sannan ka kula da 'yan shushaina a wajen gadar Galata, wani zai yar da buroshi a gabanka kamar bai sani ba, kana ɗauka ka miƙa masa sai ya hau godiya ya ce sai ya goge maka takalmi, yana gamawa ya yanka maka kuɗi. Ni an yi min, kuma silifas ne ma a ƙafata.

Abban_Hanifa:
Hhhh Malam Tanko silifas kuma? Allah ya kyauta. Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya ta ce ita dai a kai ta wajen sahabi, jirgin ruwan kuwa wai sai ta ga girmansa tukuna. Talata za mu sauka, ke nan Eyup ranar, Topkapi Laraba.

Ummu_Sadiq:
Ka ce mata babba ne mai bene, ba kwalekwale ba ne. Kuma ku duba tikitinku da kyau, filayen jirgin sama biyu ne a garin, Sabiha Gokcen yana ɓangaren Asiya ne, kowannensu da nisa daga Sultanahmet, ranar tafiya ku fita da wuri saboda cunkoso.