Jinin da na tara ya lalace a firiza: in koma farko ko in sauya hanya?

Hauwa'u, daga Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a kan cutar kala'azar, mai kawo dogon zazzaɓi da kumburin saifa. Kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, na shafe wata bakwai ina yawo ƙauyukan bakin kogin Rahad, na ɗebi jinin mutum 140, wasu masu cutar, wasu waɗanda suka warke. Niyyata in gano dalilin da ya sa wasu ke fesowa da ƙuraje a fuska bayan an gama musu magani, wasu kuwa shiru. Duka na kai su Khartum aka sa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Sai wuta ta ɗauke, kowa ya yi ta kansa. Wanda ya leƙa ɗakin daga baya ya ce kwalaben na nan a akwatinsu, amma Allah kaɗai ya san watanni nawa suka yi a cikin zafi. Abin da ya rage a hannuna littafin rubutuna ne da takardun tambayoyi. Malamin da ke duba aikina yana Masar, ya ce in zaɓa da kaina. Kuɗin tallafi ya ƙare. In sake ɗibar jini, ko in haƙura da wannan batu?

Dakta Sale, Jidda:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Kafin ki ce komai ya lalace, gaya mana me kika so ki auna. In sinadaran da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su ne, ko RNA, mai ɗauke da saƙon ƙwayoyin gado, to ki yi musu addu'a, ba sa jure zafi. DNA kuwa, wato sinadarin gado, yana da taurin rai, sau da yawa akan same shi ko da ya gutsuttsure. Sai dai ko PCR, gwajin gano DNA, ta nuna miki Leishmania donovani, ƙwayar da ke jawo cutar, a wasu kwalaben, waɗanda ba su nuna ba fa? Babu cutar ne, ko zafi ne ya cinye shaidar? Ba za ki iya rantsewa ba, mai jarrabawa kuma nan zai kama ki. Kada a zubar da su, amma kada ki ɗora digirinki a kansu.

Hauwa'u:
Sinadaran garkuwar ne, Yaya. Shi ya sa na ce sun tafi.

Malam Idi, ma'aikacin lafiya, bakin Rahad:
'Yata, ni ba mai bincike ba ne, amma ni nake zama da mutanen da kuke ɗibar jininsu. Sun gaji. Wani dattijo ya taɓa tare ni a ƙofar shago ya ce, "Malam, jinin jikana da aka tafi da shi bara, me ya ce?" Ban da amsa, don ba wanda ya dawo ya faɗa mana. In za ki koma, fara zuwa wurin mai gari da liman ki gaya musu gaskiyar abin da ya sami na farko. Ke Bahaushiya ce, da harshensu za ki yi magana, za su ji ki. Kuma ki tuna yaron da saifarsa ta kumbura, yana shan allura biyu kullum har kwana 17, uwarsa ba ta son ganin wata allura kuma.

Ustaz Bello, Kasala:
Ni shawarata dabam ce. Ki bar jinin mutane, ki bi ƙwaron.

Ƙudan yashin da ke yaɗa cutar a gabashin Sudan, Phlebotomus orientalis, bai kai rabin sauro ba, milimita 2 zuwa 3 ne, kuma macen ce kaɗai ke cizo. An daɗe da sanin inda yake so: baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani, wadda aduwa da itacen talha suka yi yawa a kanta. Da rana yana laɓewa cikin tsagar ƙasa, da magariba ya fito. Kayan kama shi ba su wuce farar takarda da man zurma da ƙaramin tsinke ba. Ki shafe takardar da mai ciki da baya, ki kafa ta kusa da ƙasa kafin rana ta faɗi, ki dawo da asuba tun iska ba ta cika ta da ƙura ba. Ki tsince su da siririn buroshi, ki wanke man, ki zuba a ƙaramar kwalba mai sinadarin etanol. Babu ruwanki da wuta, balle firiza. Rarrabe jinsi kuwa madubin likita ya isa, kan ƙwaron da ƙarshen cikinsa ake dubawa. Zai ci miki ido sosai, don yawancin abin da zai manne wasu dangi ne da ba ruwansu da cutar, amma cikin mako uku hannu yake faɗawa.

Ga kuma tambaya mai kyau tana jiran ki. Yaƙi ya kwararo da mutane Gadarif daga Khartum da Jazira, musamman bayan yaƙin ya ci garin Madani a Disamba 2023. Da yawansu jikinsu bai taɓa haɗuwa da wannan cuta ba, kuma da zafi a waje suke kwana. Mun san abin da hakan ke jawowa: a yammacin Upper Nile, can kudancin Sudan, tsakanin 1984 da 1994, an ƙiyasta kala'azar ta kashe mutum kusan 100,000 a lokacin yaƙi. To ina ƙwaron ya fi yawa, tsakar gida, bakin ƙauye, ko cikin dajin talha? Littafinki ya riga ya nuna miki gidajen da aka yi ciwo. Ki kafa tarko a can, ki kafa a gidajen da ba a yi ba.

Abu ɗaya, lokaci ba ya jira. Ƙwaron yana yawa ne daga Maris zuwa Yuni. Da ruwa ya sauka ƙasa ta haɗe baki, shi ke nan sai baɗi, ga hanya ta zama taɓo.

Rabi'u, Mai Wurno:
Anti ki nemi gurbin karatu a Saudiyya kawai ki huta. Can wuta ba ta ɗaukewa.

Dakta Sale:
Rabi'u, wutar tana nan, ƙwaron ne ke Gadarif. Na goyi bayan Ustaz, da ƙari ɗaya. In kika je, duk mai zazzaɓin da ya wuce mako biyu da kika tarar, asibiti za ki tura shi, kada ki dogara da tsinken gwajin jini na rK39 kaɗai, domin a Sudan yana kuskure masu cutar fiye da yadda yake yi a Indiya. Idan kuma wata rana kika koma ga jini, ki ɗiga shi a takardar tacewa ta Whatman, ya bushe a inuwa, kowace a ledarta da ƙullin abin tsotse laima. Ambulan ɗaya ya ɗauke su har inda akwai na'ura. Sauya batu kuma yana son sabuwar amincewar kwamitin ɗa'a da ta sashenku a rubuce, kada ki tsaya ga saƙon WhatsApp na malaminki.

Hajiya Mairo, Makka:
Allah ya mayar miki da alheri, 'yar nan. Ki tafi da ɗan rakiya, ba a yawon daji da asuba ke kaɗai. Ki sa safa da doguwar riga, gidan sauronki kuma ya zama mai magani, wannan abin yana ratsa mai manyan idanu.

Hauwa'u:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaskiya batun ƙurajen yana raina, don a Sudan kusan rabin waɗanda suka warke suna yin su, amma na ga ba na bana ba ne. Na tura wa malamina shawarar Ustaz, ya ce in rubuto shafi uku kafin Alhamis. Malam Idi, ranar kasuwa zan shigo, don Allah ka haɗa ni da dattijon nan. Ustaz, takarda nawa zan kafa a gida ɗaya kowane dare?

Ustaz Bello:
Fara da goma: biyar a tsakar gida, biyar a bayan danga. Ki rubuta lamba da fensir, biro yana narkewa cikin mai.