Leƙa ciki da manzar kafin babban aikin bankiriyas: wa ya taɓa gani?

Daga Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Baba ne ba lafiya. Shawara ce ta fara kama shi, ido ya yi ɗorawa, fitsari kamar shayi, ga ƙaiƙayi ga rama. Hoton siti (CT scan) ya nuna ƙari a kan bankiriyas, wato tsokar nan da ke kwance bayan tumbi. An zura masa ɗan bututu ta baki, ruwan matsarmama ya samu hanya, idon ya washe. Yanzu likita ya ce kafin babban aikin sai sun leƙa cikin da manzar, wato 'yar kyamarar da ake zurawa ta ƙaramin huji. Yayyena sun ce wahala biyu ce, a buɗe kawai a cire. Ni dai kaina ya ɗaure. Don Allah wanda ya taɓa jinyar irin wannan ya faɗa mana abin da ya gani.

Daga Jidda:
Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ya faru da Hajiyarmu ke nan, kuma ni ce na fi kowa ƙin manzar ɗin, don hoton ya nuna hanta lafiya lau. Da suka shiga sai suka tarar da 'yan ɗigo farare a saman hantar, kamar an watsa gero, ƙanana ƙwarai har hoto bai kama su ba. Suka ɗebi ɗaya, gwaji ya tabbatar ciwon ya riga ya yaɗu, aka fasa babban aikin. Ranar na yi kuka sosai. Amma washegari aka sallame ta da 'yan huji uku da ɗinki kaɗan, ba a jima ba ta fara kimawi, wato maganin ciwon daji. Da an tsaga cikin nan, da makonni za ta yi a kwance tana jinyar yankan da ba zai amfane ta ba. Watannin da suka rage mata a gida ta yi su cikin jikokinta, har umara ta yi a keke. Allah ya jiƙanta.

Daga Madina:
Amin, Allah ya yi mata rahama. Namu ya zo da sauƙi: an leƙa cikin maigidana ba a ga komai ba, aka yi masa aikin Whipple. Ba ƙaramin aiki ba ne, ana cire kan bankiriyas da farkon ƙaramin hanji da matsarmama, sannan a sake haɗa komai. Bayan manzar ɗin kafaɗarsa ta dama ta yi ciwo kwana biyu har muka tsorata, ashe iskar da aka hura masa ce.

Daga Riyad:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata. Barci ake sa mutum gaba ɗaya, don haka ba ci ba sha sa'o'i kafin a shiga. Ana huda kusa da cibiya, kamar santimita 1, a hura iskar kabon dayoksaid cikin ya ɗago, a zura kyamara a duba hanta da fatar da ta lulluɓe kayan ciki. Wani lokaci a zuba ruwan gishiri a zuƙe a kai gwaji, wannan sakamakon yakan ɗauki kwanaki. Ba kowa ake yi wa ba. An fi yi idan ƙarin babba ne ko gwajin jini na CA 19-9 ya hau sosai. Ɗan'uwa, ka tambayi likita ƙarara: in ba a ga komai ba, a zama ɗaya za a wuce babban aikin ko sai wata rana? In Baba na shan maganin tsinka jini ko na suga, ku faɗa tun yanzu.

Daga Makka:
Na gode ƙwarai. Anti ta Jidda, na karanta wa yayyena naki, babban yayanmu ya yi shiru can ya ce a yi. Baba yana shan maganin suga, gobe zan kai musu kwalin su gani. An ba mu ranar Talata da safe, ku sa shi a addu'a.