Shin sukar da ake yi wa littattafan kimiyya masu koyar da cewa duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba tana da tushe?

Rifkatu:

Ina neman haske daga waɗanda suka san kimiyya da kuma waɗanda suka san Littafi Mai Tsarki. Akwai littattafan karatu da ake wallafawa a Amurka domin makarantun Kirista da kuma iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida, irin na Abeka, da na Jami'ar Bob Jones, da manhajar ACE (Accelerated Christian Education). A darasin kimiyya suna koya wa yaro cewa shekarun duniya ba su wuce dubu shida zuwa dubu goma ba, cewa ruwan tsufana na zamanin Nuhu ne ya shimfiɗa yawancin duwatsun da ke ɗauke da burbushin halittu, kuma cewa mutane sun yi zamani da manyan dabbobin nan da ake kira dainoso. Masu suka suna cewa wannan ba kimiyya ba ce, kuma zalunci ne ga yara. Shin sukar tana da hujja, ko ƙiyayya ce kawai ga addini? Ni mai bi ce. Ba na so a raba yara da bangaskiyarsu, amma kuma ba na so a ba su abin da ba gaskiya ba da sunan Allah.

Malam Ishaya:

Malama Rifkatu, a ganina sukar tana da hujja mai ƙarfi, kuma ba sai mutum ya bar addini ba kafin ya gan ta. Ya kamata a fara sanin inda adadin shekara dubu shida ya samo asali. Ba awo aka yi aka same shi ba. Babban bishop James Ussher na Ireland ne ya lissafa jerin zuriyoyin da ke cikin Tsohon Alkawari, ya wallafa a 1650 cewa an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Shi kuwa adadin da masana ke bayarwa, wato kimanin shekara biliyan 4.5, awo ne ya kawo shi. Sinadarin yuraniyam yana rikiɗewa a hankali ya koma dalma, ana kuma iya auna saurin rikiɗar a ɗakin gwaji, don haka idan aka auna yawan kowannensu a cikin dutse za a iya lissafa daɗewarsa. Ta wannan hanya Clair Patterson ya fitar da shekara biliyan 4.55 a 1956, bayan ya auna duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya.

Abin da ya fi damuna a irin waɗannan littattafai shi ne yadda suke ɓata shafuka suna kushe awon kabon-14, wani sinadarin da ke raguwa a jikin halitta bayan ta mutu, alhali babu masanin da ke amfani da shi wajen auna shekarun duniya. Rabinsa yana ƙarewa a cikin shekara 5,730, kuma amfaninsa bai wuce abubuwan da suka mutu cikin shekara dubu hamsin da suka gabata ba. Yaro zai tashi yana zaton an rushe hujjar masana, alhali ba a ma nuna masa ita ba. Kuma ba hanya ɗaya ce ta nuna tsufan duniya ba. A Greenland an ƙirga shimfiɗun ƙanƙara na shekara-shekara har kusan dubu sittin, hasken taurarin Andromeda kuma yana ɗaukar kimanin shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso gare mu.

Batun ruwan tsufana a matsayin bayanin duwatsu ya sake samun karɓuwa ne bayan littafin John Whitcomb da Henry Morris na 1961. Amma waɗanda suka fara watsi da wannan bayani masu bi ne da suka fita neman alamun tsufanar da kansu. Adam Sedgwick, limamin coci kuma farfesa a Cambridge, ya janye goyon bayansa a bainar jama'a a 1831, tun kafin Darwin ya wallafa littafinsa kan juyin halitta, wato yadda halittu suke samo asali daga wasu halittu a hankali, a 1859.

Fasto Bitrus:

Ɗan'uwa Ishaya, na gode da bayani, amma ina ganin ba a yi wa iyayen da ke zaɓar waɗannan littattafai adalci ba. Ba jahilci ne ya kai su ba. Sun ga malamai da marubuta da ke ɗaukar juyin halitta su mayar da shi wa'azin cewa babu Mahalicci, cewa mutum ba shi da wata manufa, shi ya sa suka nemi mafaka ga 'ya'yansu. Sannan ina da tambaya. Babu wanda yake nan sa'ad da aka kafa harsashin duniya, kamar yadda Ubangiji ya tambayi Ayuba. Ta yaya aka tabbatar cewa saurin rikiɗar yuraniyam bai taɓa sauyawa ba? Ashe masana ma ba su da abin da suka ɗauka da bangaskiya kafin su fara awo?

Malam Ishaya:

Fasto, na yarda da sashe na farko. Malamin da ya ce kimiyya ta tabbatar babu Allah ya fita daga fanninsa, domin babu gwajin da zai nuna hakan. Sai dai maganin wannan ba shi ne a koya wa yaro ilimin duwatsu na ƙarya ba.

Game da cewa babu wanda yake nan, mai bin sawu ba ya bukatar ya ga dabba da idonsa kafin ya san ta wuce da kuma inda ta nufa. Saurin rikiɗar an gwada shi a tsananin zafi da tsananin matsi, ba a ga sauyin da zai iya mayar da biliyoyi su koma dubbai ba. Sinadarai dabam-dabam masu sauri dabam-dabam, irin su yuraniyam da fotasiyam, suna ba da shekaru masu dacewa da juna a dutse guda. Da a ce rikiɗar shekaru biliyoyi ta faru cikin shekara ɗaya ta tsufana, zafin da za ta fitar zai narkar da ɓawon duniya, kuma masu binciken Institute for Creation Research, cibiyar da ke kare ra'ayin cewa duniya ba ta tsufa ba, da kansu sun amsa cewa wannan matsalar zafi tana nan ba su warware ta ba.

Bambancin da nake so a lura da shi yana cikin hanyar aiki. Neil Shubin da abokan aikinsa sun yi hasashen cewa idan dabbobin tudu daga kifaye suka samo asali, to a duwatsu masu kimanin shekara miliyan 375 ya kamata a sami halitta mai siffar tsaka-tsaki. Suka je tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, a 2004 suka tono Tiktaalik, kifi mai wuya kamar dabbar tudu da ƙasusuwa irin na gaɓoɓi a cikin fukafukansa na iyo. Hasashen zai iya faɗuwa, sun kuma yarda a gwada shi. Ita kuwa ƙungiyar Answers in Genesis ta Ken Ham, mai yaɗa ra'ayin shekara dubu shida, ta rubuta a cikin bayanin aƙidarta cewa babu wata shaida da za a karɓa muddin ta saɓa wa nassi. Mutum yana da 'yancin riƙe wannan a matsayin aƙida. Amma idan aka sa shi a littafin kimiyya, an koya wa yaro cewa ana fara yanke amsa ne sannan a nemi abin da zai goyi bayanta, kuma wannan ɗabi'a za ta bi shi zuwa aikin likita ko injiniya. A nan ne manhajar ACE ta kai ga ambaton dodon da ake cewa yana tafkin Loch Ness na Scotland a matsayin alamar cewa tsoffin dabbobi irin dainoso suna raye, abin da jaridun Birtaniya suka yi ta magana a kai a 2012.

Malama Talatu:

Ina so in ƙara wa 'yar'uwa Rifkatu cewa littattafan nan suna gabatar da fassara ɗaya ta Littafin Farawa kamar ita kaɗai Kirista suka taɓa sani, kuma ba haka ba ne. Tun ƙarni na biyar Agustin, bishop kuma babban malamin coci, ya gargaɗi masu bi kada su riƙa faɗin shirme a kan al'amuran duniya da sunan nassi, domin wanda ya san gaskiyar abin zai raina nassin gaba ɗaya. Fafaroma Pius na 12 ya ba da damar nazarin juyin halittar jikin mutum a 1950, John Paul na 2 kuma ya ƙarfafa hakan a 1996. Georges Lemaître, wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, fada ne ɗan Beljiyam. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne mai bishara kuma ya yarda da juyin halitta.

A Amurka kotuna sun daɗe da duba batun. Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Louisiana da ta tilasta koyar da aƙidar halitta da sunan kimiyya a duk inda ake koyar da juyin halitta a makarantun gwamnati a 1987, sannan a shari'ar Dover ta 2005 alƙali John Jones, wanda shi kansa mai zuwa coci ne, ya yanke cewa sabon salon da aka yi wa aƙidar, wato cewa tsarin halittu yana nuna akwai mai hikima da ya tsara su, ba kimiyya ba ne. Waɗannan hukunce-hukunce ba su hana makarantu masu zaman kansu ba, amma a 2008 kotu ta goyi bayan Jami'ar California da ta ƙi amincewa da wasu darussan da aka koyar da irin waɗannan littattafai. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yaron da aka gaya masa cewa idan duniya ta tsufa to bishara ƙarya ce. Ranar da ya ga hujjar da idonsa a jami'a, malamansa na farko ne suka riga suka gaya masa abin da zai yi da bangaskiyarsa.

Fasto Bitrus:

Batun Loch Ness da na kabon-14 ba zan kare su ba, kuma makarantar da ke amfani da littafi mai irin wannan ya kamata ta sauya shi. Amma ku sani cewa abin da ke riƙe da yawancin masu wannan ra'ayi ba duwatsu ba ne. Manzo Bulus ya rubuta a Romawa 5:12 cewa mutuwa ta shigo duniya ta wurin zunubin mutum ɗaya. Idan halittu sun yi miliyoyin shekaru suna mutuwa kafin Adamu, to dole a bayyana wa yaro ko mutuwar da Bulus yake nufi ta mutum ce kaɗai ko ta dukan halitta. Wannan aikinmu ne na masu koyar da nassi, ba na malamin kimiyya ba, kuma ina roƙon Malama Talatu ta kawo mana yadda waɗanda ta ambata suka amsa wannan aya.