Neman kalma: mi za mu kira wanga abu na kibod da ake danna harafi uku ya fito da jimla guda?

Jama'a assalamu alaikum. Yau aikin neman kalma ya taso, kuma na san akwai waɗanda sunka fi ni Hausa a nan, to ku matso kusa.

Akwai wani abu cikin kibod ɗin waya da mutane da yawa ba su ma san da zaman shi ba. Za ka shiga saitin ka rubuta doguwar magana sau ɗaya, sai ka ɗaura mata 'yan haruffa biyu ko uku, daga ranar nan duk inda ka danna haruffan, WhatsApp ne ko Facebook ko saƙon tes, sai waya ta kawo maka maganar cikakkiya. Misali ka danna "slm" ta fito maka da "Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu". Samsung na ce mashi Text shortcuts, iPhone na ce mashi Text Replacement, Gboard, wato kibod ɗin Google, kuwa ta tura shi can cikin Personal dictionary kamar mai ɓoyon kuɗi. Su kansu masu abun ba su daidaita kan suna guda ba, don haka babu dole sai mun bi bakin ɗayansu. Yaran da ka gyaran waya nan Sakkwato "shotkot" suke cewa, kuma in munka yi shiru shi za shi zauna, yadda caji da data sunka zauna babu mai iya tashe su.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ya je ya gani tukuna kahin ya kawo muna suna. A Gboard: saitin ɗin kibod, Dictionary, Personal dictionary, ka zaɓi harshe, ka danna alamar ƙari. A iPhone: Settings, General, Keyboard, Text Replacement, nan za ka iske sun riga sun sa guda ɗaya nasu na Turanci, omw, mai fito da "On my way!", don gwaji. Apple ta kawo abun tun 2011 cikin iOS 5, lokacin ma Shortcuts ta kira shi kahin daga baya ta canza suna. Kibod ɗin SwiftKey, wanda Microsoft ta saye a 2016, shi kuma cikin wurin ajiye abin da anka kwafa yake sa nashi. Gida biyu ne dai ko'ina, ɗaya na doguwar magana, ɗaya na 'yan haruffan. Sunan gida na biyun muke nema.

Da na tambayi jama'a, abin da ya fara zo ma kowa a baki shi ne "gajeriyar hanya". Wannan fassara ce kawai anka ɗauko daga Turanci aka jingina, kuma ku gwada faɗin ta cikin magana ku ji: "na sa ma lambar akawun ɗina gajeriyar hanya". Wa ka magana haka? Lambar akawun ba tafiya take yi ba balle ta nemi hanya.

Wani ƙanena da ka kabu-kabu tsakanin Mabera da Tsohuwar Kasuwa yac ce to ai Hausa na da kalmarta, yanke, ko ratse. In hanya ta cushe wajen Dandima ai yanke ake bi. Wallahi ƙanena ka kawo kalma mai daɗi, gajera ce, tamu ce, kowa ya san ta. Amma ka duba inda za ta zauna. Cikin waya "yanke" ta riga ta yi kaya da yawa: an yanke kira, an yanke layi, sannan in ka zaɓi rubutu ka cire shi don ka liƙa wani wuri shi ma yankewa ne, kuma wannan cikin kibod ɗin nan guda yake. Ka ce ma mutum "sa yanke a kibod ɗinka" sai ya goge rabin saƙonsa. Ratse ta fi tsira daga wannan rikicin, ni zan so a ajiye ta ga 'yan hotunan nan da ake ɗorawa a fuskar waya da ka kai mutum kai-tsaye cikin wani wuri, nan kam hanya ce anka ratsa da gaske.

Sai masu cewa "taƙaitawa" ko "gajartawa", kuma su sunka fi yawa. Nan nake son mu tsaya kaɗan don a nan kan maganar take.

Taƙaitawa mun san ta tun zuwan GSM a 2001, lokacin da tes guda harafi 160 ne kacal, in ka haura an caje ka kuɗin biyu, ga kuma madannan Nokia da sai ka danna bakwai sau huɗu kahin "s" ya fito. Nan munka koyi slm, ykk, lfy, ngd, har zamanin manhajar hira ta 2go abin ya zama kamar wani yare. A taƙaitawa, gajeren ne ke isa ga wanda anka aika ma saƙo, shi za shi zauna ya warware, in dattijo ne ya kira jikansa ya karanta mashi. Wanga abu da muke magana a kai kuwa akasin haka yake aiki. Gajeren ba ya fita daga wayarka sam, kai ka danna uku, wancan ya karɓi sama da arba'in. Ba a taƙaita komai ba, cikawa anka yi. In munka kira shi taƙaitawa mun ba shi sunan cutar da ya zo magani.

Kuma ku dubi inda abun zai fi yi muna amfani ku gane abin da nake nufi. Sau nawa kuke ganin an rubuta sunan Annabi an bi shi da SAW ko S.A.W, an rubuta Allah an sa SWT? Malaman hadisi tun da can sun karhanta a taƙaita salati a rubuce, sun ce a cika shi, kuma har gobe ana tunatar da haka wurin karatu. Uzurin mutane shi ne tsawo da gaggawa. To ga shi waya ta ɗauke uzurin, ka sa haruffa uku ta rubuta maka "Sallallahu alaihi wa sallam" duk sanda ka ambace shi, ko ta kawo maka ﷺ wanda harafi guda ne a tsarin rubutun kwamfuta. Abin da ka hana taƙaita salati ba za a ce mashi taƙaitawa ba.

Wani malami dattijo daga wajen Kanwuri, Allah shi ƙara mashi lafiya, ya aiko da murya maimakon rubutu, yac ce: "Ɗana, wanga abu da kuka nema ai ramzi na, mun san shi tun kakanni." Allah gafarta Malam, wannan kalma ta girgiza ni don ban kawo ta a rai ba. Ga waɗanda ba su sani ba, waƙoƙin ajami da yawa na zamanin Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u ana rufe su da ramzi, wato 'yan haruffa da in ka haɗa lissafinsu na hisabi za su ba ka shekarar hijira da anka yi waƙar. Haruffa kaɗan ɗauke da abu babba, ta wannan fuskar ta dace ƙwarai, kuma kalma ce ta gida wadda Sakkwato ta fi kowa haƙƙi a kanta. Inda na ɗan ja baya Malam, da neman afuwa, shi ne ramzi ma mai karatu ne ke warware shi, kuma sai mai ilimin hisabi. Sannan in ka shiga shagon gyaran waya ka ce ma yaro sa mani ramzi, zai ɗauka sunan wani sabon application ne. Kalmar na da aikinta da darajarta, ina jin tsoron mu jawo ta kasuwa mu ɓata mata ma'ana.

An kawo na ban dariya ma, "ɗan aike", "cika mani", wata baiwar Allah tac ce a kira shi "rubutun malalata" a huta. Hajiya mun gode, amma mai sayar da atamfa da ka tura lambar akawun harafi goma da sunan banki da sunanta ga duk wanda ya tambayi kuɗin turmi, tun safe har dare, ba malalaciya ba ce, yatsunta ne sunka gaji. Haka ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ka cika imel da lambar adimishan a kowane fom, haka dillalin albasa da ka maimaita kwatancen inda mota za ta tsaya.

To ni ga tawa: inkiya.

Inkiya ɗan gajeren suna ne da ke tsaye a madadin cikakke, waɗanda sunka san shi da sun ji sun gane wa ake nufi. Ka ce Gamji a ko'ina cikin Arewa, harafi biyar, kowa ya ji Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Sannan kalmar na da fuska ta biyu, wadda ita ta fi ja na: in an ce "ya yi mani inkiya" ana nufin ya yi wata 'yar alama tsakanina da shi wadda na kusa ba su gane ba, ni kuwa na san abin da zan yi. To abin da ke tsakaninka da wayarka ke nan daidai. Kai ka zaɓi alamar, ba kamfani ba, babu wanda ya san ta sai ku biyu, ka yi mata inkiya ta cika aiki. Tawa daban taka daban, ni "akw" ke kawo mani akawun, kai wataƙila "kkk" ka sa.

Kuma tana shiga magana ba tare da an tura ta ba. "Yi ma adireshin shagonka inkiya ka huta." "Mi ce inkiyar salatinka?" "Na canza waya duk inkiyoyina sun tafi." Wannan na ƙarshen ma gaskiya ne ga mutane da yawa, masu iPhone dai nasu na bin su ta iCloud zuwa sabuwar waya. Gidaje biyun nan na saitin kuwa sai a rubuta ma na sama "cikakkiyar magana", na ƙasa "inkiya". In ana tsoron a ruɗe da inkiyar mutum sai a ce inkiyar rubutu a karon farko, daga baya rubutun zai faɗi da kansa.

Wani yayana malamin makaranta a Runjin Sambo ya ƙi, yac ce inkiya ta mutane ce, ba a yi ma abu marar rai. Yaya, ai garuruwa ma suna da ita, Birnin Shehu ba mutum ba ne. Ya sake cewa to mi ya raba ta da gyaran da kibod ke yi da kansa, wanda ka mayar da "ina kwana" wata kalmar Turanci? Wannan tambaya ce mai kyau. Wancan shisshigi ne, waya ce ke ganin ta fi ka sanin abin da kake nufi. Kalmomin da take jerowa saman kibod kuma hasashe ne. Inkiya kaɗai ce kai ka ba da umurni tun farko. A iPhone ma in ka rubuta Sakkwato a gidan sama ka bar na ƙasa babu komai, ta daina yi maka shisshigi a kan kalmar.

Abu biyu ga masu shirin gwadawa yau. Kada ka zaɓi inkiyar da kalma ce da kake amfani da ita, in ka sa "in" ta zama "In sha Allahu" a iPhone, inda da ka danna tazara take musanyawa, to duk "in ka zo" da za ka rubuta ya lalace. Haka "saw" ga mai rubuta Turanci, ku dai ku hango abin da zai faru cikin saƙon ofis. Ka ninka harafi ko ka haɗa baƙaƙen da ba su haɗuwa a Hausa, kamar "slw" ko "jzk". Na biyu, lambar sirri ta ATM da BVN ba su shiga nan, don duk wanda ya riƙe wayarka a buɗe zai iya shiga saitin ya karanta su a fili, kuma mun san yadda wayoyinmu ke wuni wurin masu caji in babu wuta.

Zuwa yanzu masu inkiya sun fi yawa, ƙanena mai kabu-kabu na nan kan ratse bai sauka ba, Malam kuma ya sake aiko murya yac ce ya yarda amma a rubuta cewa ramzi ta riga ta. An rubuta Allah gafarta.

Ga ɗan'uwan da yac ce ya sa a Gboard ba ta fitowa: Gboard ba ta musanyawa da kanta, saman kibod take nuna maka cikakkiyar maganar sai ka taɓa ta. In can ma babu, duba ƙarƙashin wane harshe ka ajiye ta, in ka sa ta a Turanci kana rubutu da kibod ɗin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ ba lallai ta zo ba. Goge ka sake sa ta a All languages.